Yadda Ake Tsara Yawon Lambuna da Wuraren Shaƙatawa a Birnin Gaɓar Teku

Tun da dare, kafin ranar fita, nemi abu uku: jadawalin cika da janyewar teku na birnin da kake, hasashen iska, da lokutan buɗewa da rufewa na wuraren da kake son gani. Yawancin baƙi na ukun kawai suke dubawa, shi ya sa suke isa gindin dutse su tarar an dakatar da motar igiya mai hawa da mutane kan dutsen, ko su je kallon kaguwa da tsuntsaye su iske ruwa ya shafe wurin. A gaɓar teku, ruwa da iska da rana su ne ke yanka wa mutum lokaci. Wurin da ke da daɗi da ƙarfe bakwai na safe kan zama wurin wahala, wani lokaci ma na haɗari, da azahar.

Jadawalin ruwa

A mafi yawan gaɓoɓin duniya, teku kan cika sau biyu ya janye sau biyu cikin awa 24 da minti 50. Tsakanin cika da janyewa ke nan akwai awa shida da 'yan mintuna, kuma kullum lokacin yana gusawa gaba da kusan minti 50. Wannan gusawar ita ce ke ruɗin baƙi. Wani zai ce maka ranar Litinin da ƙarfe tara ya taka yashi har wancan ɗan tsibiri. Kai kuma ka je ranar Alhamis da ƙarfe tara ka ga babu hanya, domin cikin kwana uku lokacin ya matsa da awa biyu da rabi.

Ana samun jadawalin a shafukan hukumomin yanayi da na tashoshin jiragen ruwa, da manhajojin waya, wasu biranen kuma suna liƙa shi a allon bakin ruwa. Ka tabbata na tashar da ta fi kusa da wurin ne, don garuruwa biyu a gaɓa ɗaya kan bambanta da awa guda ko fiye. Abu biyu za ka karanta, lokaci da tsawon ruwa a mita. Debe tsawon janyewa daga na cika, abin da ya rage shi ne yawan hawan ruwan a wannan rana. A Bahar Rum da tsakiyar Bahar Maliya hawan bai wuce 'yan santimitoci ba, don haka a Barcelona ko Jidda ba wani abin damuwa ba ne. A kewayen Mont-Saint-Michel na Faransa yakan kai mita 14, a mashigin Fundy na Kanada kuwa har mita 16.

Wata ma yana da ta cewa. Kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa, rana da wata suna jan ruwa a layi ɗaya, sai teku ya cika fiye da kullum, ya kuma janye fiye da kullum. Mako guda bayan haka hawan yakan ragu. Mai son ganin kududdufan da ke cikin duwatsu da halittun da ke zaune a ciki, kwanakin babbar janyewa zai nema, amma ya sani a kwanakin ne ruwan ya fi saurin dawowa.

Kuma ba da gudu ɗaya yake dawowa ba. Masu jiragen ruwa suna raba hawan kashi 12: awa ta farko kashi 1 ke shigowa, ta biyu kashi 2, ta uku da ta huɗu kashi 3 kowace, ta biyar kashi 2, ta shida kashi 1. Rabin ruwan gaba ɗaya cikin awa biyun tsakiya yake zuwa. Idan hawan ranar mita 6 ne, awa ta farko rabin mita kawai za ka gani, har ka ɗauka akwai sauran lokaci. A awa ta uku kuwa mita ɗaya da rabi zai ƙaru, wanda a shimfiɗaɗɗen yashi ke nufin ruwa ya cinye fili mai nisa kafin ka ce kwabo. Saboda haka ka fita awa ɗaya zuwa biyu kafin ruwa ya gama janyewa, ka juyo da zarar ya fara dawowa. Ka riƙa waiwaye, domin ruwan ba ta gabanka kaɗai yake zuwa ba. Yakan fara cika kwaruruka da ramukan da ke bayanka, tsakaninka da tudu, alhali inda kake tsaye yana nan a bushe.

Safiya ta tuddai ce da lambuna

Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi. Idan rana ta ɗaga, iskar da ke kan ƙasa takan yi zafi ta tashi sama, sai mai sanyi daga teku ta shigo ta maye gurbinta. Yawanci takan fara da hantsi, ta yi ƙarfi tsakanin azahar da la'asar, ta lafa da dare. Duk wurin da iska ke iya rufewa, da safe ake zuwansa: motar igiya, gadar da ke rataye a kan itatuwa, ƙaramin jirgin yawo, da hanyar da ke bin gefen tsauni. Motar igiyar Dutsen Tebur a Cape Town, wadda ke aiki tun 1929, ana dakatar da ita idan iska ta yi ƙarfi, kuma a watannin zafi na can, wajen Nuwamba zuwa Maris, iskar kudu maso gabas ba ta wasa. In ka wayi gari dutsen a buɗe, babu girgije a kansa, ka hau a ranar, kada ka ajiye sai gobe.

Lambunan tsirrai ma safiya ce tasu, kuma a ganina su ne wuraren da baƙi suka fi yi wa gaggawa. Kirstenbosch, da aka kafa a 1913 a gefen gabas na Dutsen Tebur, yana da hekta 528, amma hekta 36 ne aka gyara aka shuka, sauran daji ne da ke hawa jikin dutse. Wanda bai san haka ba zai bi wata 'yar hanya yana zaton zagaye ne, sai ya tsinci kansa yana hawan tsauni da silifa. Karɓi taswira a ƙofa, ka zaɓi sassa uku ko huɗu, ka fara da mafi tudu tun da sauran sanyi, ka gangaro a hankali. Gadar kan itatuwa da aka buɗe a can a 2014 tsawonta mita 130 ne, kuma da sassafe ne za ka same ta babu cunkoso. Lambun tsirrai na Singafo, wanda ya faro a 1859 ya kuma shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2015, yana buɗewa tun ƙarfe biyar na asuba. A gari mai gumi irin wannan, awa biyun farko sun fi sauran yinin duka. Na Rio de Janeiro tun 1808 yake, na Sidni tun 1816, kuma a tsofaffin lambuna irin waɗannan manyan itatuwa ne abin kallo, ba furanni ba, don haka ko an je a lokacin da babu fure ba a yi asara ba. Inda furanni ne maƙasudi, duba watannin fitowarsu, ka kuma tuna cewa a rabin duniya na kudu lokutan shekara a juye suke. A Kirstenbosch, Agusta zuwa Nuwamba ne lambun ya fi cika da launi.

Wasu wuraren tikiti mai lokaci suke sayarwa. Park Güell na Barcelona, aikin mai zanen gine-gine Antoni Gaudí da aka yi tsakanin 1900 da 1914, yana cikinsu, kuma yana kan tudu, tafiyar daga tashar jirgin ƙasa hawa ce. Ƙara rabin awa a kan abin da taswirar waya ta faɗa.

Kada ka tsinki komai, kada kuma ka bar yaro ya kai ganye ko 'ya'yan itace baki. Furen oliyanda, mai jajaye da fararen furanni da ake yawan shukawa a titunan bakin teku saboda yana jure gishiri da fari, duk jikinsa guba ne. A tsibiran Karibiya da kudancin Florida akwai itacen manchinil, mai 'ya'ya kamar ƙananan tuffa, wanda ko ruwan sama da ya ɗigo daga ganyensa yana ƙona fata. A wurare da dama ana shafa masa jan fenti don a gane shi. Inuwar kwakwa kuwa, ɗaga kai ka duba kafin ka shimfiɗa tabarma. Ƙwayar iri da ka tsinta ma bar ta inda ka gan ta, ƙasashe irin su Ostireliya da New Zealand suna da tsauri ƙwarai kan shigo da tsiro a filin jirgi.

Wani wuri da ya cancanci a yi masa rabin yini shi ne Haller Park na Mombasa. Ramin haƙar farar ƙasa ne na kamfanin siminti, tsirara, babu ko ciyawa. Daga 1971 masanin noma René Haller ya fara dasa itatuwan kasuwarina masu jure gishiri, ya zuba ƙadandoniya ta riƙa cin ganyen da ya zube tana mayar da shi taki, har ƙasa ta samu. Yau akwai raƙuman dawa da dorina da manyan kunkuru a wurin. Wanda ya san wannan tarihi kafin ya shiga, kallon da zai yi wa ƙasar da yake takawa daban ne.

Fadamun gaɓa da gadojin katako

Dazukan mangurof, wato itatuwan da ke tsaye cikin ruwan gishiri da saiwoyinsu a waje, fuska biyu gare su. Idan ruwa ya cika, wurin ya fi kyan gani da hoto, kuma lokacin ne ake iya shiga da kwalekwale. Idan ya janye, laka ce da wari, amma lokacin ne kaguwa da kifin da ke tsalle a laka da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu ke fitowa kiwo. Sungei Buloh a Singafo da wurin mangurof na Jubail a Abu Dhabi duk haka suke. Zaɓi abin da kake son gani, sannan ka koma jadawali ka ɗauki lokacinsa.

Sauro da ƙananan ƙwari masu cizo sun fi yawa da asuba da almuru, musamman in babu iska. Sa riga mai dogon hannu, ka shafa maganin ƙwari mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Man kariya daga rana ake fara shafawa, a bar shi ya shiga fata, sannan maganin ƙwari ya biyo baya. Katakon gada idan ya jiƙe ko gansakuka ta kama shi santsi gare shi, takalmi mai rufe ƙafa mai ƙasan roba ake so. Gadojin da ke rataye, irin mai tsawon mita 401 ta cibiyar kare muhalli ta Lekki a Legas, suna lilo, hannu biyu suke bukata, don haka waya ta shiga jaka mai zif. Mai tsoron tsayi ya yanke shawara tun a ƙasa, juyowa a tsakiya da wuya saboda mutane na biye.

Birai sun san leda. Da sun ji ƙararta sun san akwai abinci, kuma ba sa roƙo, fizga suke yi. Ɓoye abinci cikin jaka, kada ka ba su, kada ka yi kokawa da su in sun ƙwace. A Jibralta da yankin Cape Point ba wa birai abinci laifi ne mai tara. Duk wanda biri ya ciza ko ya yakushe, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ya nufi asibiti a ranar.

Tsakar rana

Iskar teku tana sanyaya jiki, sai mutum ya manta rana na aiki. Hasken da ke ƙona fata ya fi ƙarfi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce busasshen yashi yana maido da kusan kashi 15 cikin ɗari nasa, kumfar teku kusan kashi 25, kuma siririn girgije yana barin har kashi 80 ya wuce. Baƙar fata tana da kariya fiye da fara, amma ita ma tana ƙonewa, ido kuwa babu ruwansa da launin fata. Idan inuwarka ta fi ka gajarta, nemi inuwa. Man kariya mai lamba SPF (ma'aunin ƙarfin kariyarsa) 30 ko sama ake nema, a shafa minti 20 kafin fita, a maimaita duk bayan awa biyu da kuma bayan shiga ruwa. Babban mutum yana bukatar kusan mililita 35 don jiki duka, wato ƙaramin cokali bakwai. Yawancin mutane ko rabin haka ba sa shafawa. Ruwan sha, rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace awa ta tafiya cikin zafi.

Waɗannan awanni a ba su wurare masu rufi. Manyan ɗakunan gilashi masu sanyi na Gardens by the Bay, da aka buɗe a 2012 kan ƙasar da aka cike daga teku, sun dace da wannan lokaci, haka gidajen kifaye da gidajen tarihi. Ba kowane birnin gaɓa ke da zafi ba kuma. A San Francisco, watannin Yuni zuwa Agusta hazo mai sanyi kan lulluɓe yammacin Golden Gate Park, don haka rigar sanyi mara nauyi ta zauna a jaka.

Idan za a taɓa ruwa

Yi wanka inda ma'aikatan ceto suke kawai. A Birtaniya da Ostireliya da wasu ƙasashe, tsakanin tutoci biyu masu launin ja da rawaya ne wurin iyo. Jar tuta na nufin kada a shiga, mai murabba'ai baƙi da fari kuma ta masu allon hawan igiya ce. Ma'anar launuka takan ɗan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, minti ɗaya a gaban allon bayani ya wadatar.

Babban abin da ke halaka mutane a bakin teku shi ne igiyar da ke ja zuwa ciki. Ruwan da raƙuman ruwa suka turo gaɓa dole ya koma, sai ya taru ya bi ta wata kafa guda, kamar yadda ruwan sama ke haɗuwa ya bi ta kwalbati. Abin takaicin, wurin nan shi ya fi kama da wurin lafiya: wani fili ne mai duhu, shiru, tsakanin wurare biyu da igiya ke fashewa da kumfa. Ka lura da kyau za ka ga kumfa ko ciyawar ruwa na tafiya zuwa ciki, ko launin ruwan ya gurɓace da yashi. Daga tudu an fi gane shi. Gudunsa kan kai mita biyu da rabi a daƙiƙa, fiye da na gwanin iyo. Ba ya jan mutum ƙasa, nisanta shi yake yi da gaɓa, kuma gajiya da firgici ne ke nutsarwa. Wanda ya kama, kada ya yi ja-in-ja da shi. Ya kwanta rigingine ya huta, ya ɗaga hannu ɗaya ya yi kira, in yana da ƙarfi ya yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga kafar. Kai da ke tudu, kira ma'aikatan ceto ka jefa abin da ke yawo a ruwa, kada ka faɗa. Wanda bai iya iyo ba, gwiwa ce iyakarsa, kuma tufafi masu yawa idan sun sha ruwa nauyi suke yi.

Duwatsun bakin ruwa suna faɗin gaskiya. Inda ya jiƙe, ko ya yi baƙi ko kore, igiya tana kaiwa nan. Tsaya nesa ka kalli ruwan na minti 15 zuwa 20 kafin ka matsa, domin manyan raƙuman ruwa a jere suke zuwa bayan an yi shiru, kuma kada ka juya wa teku baya don ɗaukar hoto. Idan iska na kaɗawa daga ƙasa zuwa teku, kayan wasan yara na hurawa su zauna a tudu. Ruwan da sanyinsa ya gaza digiri 15 na ma'aunin Celsius, kamar na ɓangaren Atlantika a Cape Town ko da a lokacin zafi, yana sarƙe numfashi idan aka faɗa lokaci guda, a hankali ake shiga. Ramin yashi kada ya wuce gwiwar ƙaramin yaron da ke wurin, don yashi kan rufta ba tare da alama ba, a kuma cike shi kafin a tashi. Harbin jelifish, wata halittar teku mai laushin jiki, a wanke da ruwan teku, ba ruwan sha ba, kada a goge da yashi ko tawul, a nemi ma'aikacin ceto, domin magani ya danganta da irin da ke wannan gaɓa.

Tsawa idan ta yi, fita daga ruwa da fili. Ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da ƙara, kowane uku kilomita ɗaya ne, kuma sai an yi minti 30 da ƙarar ƙarshe ake komawa. In ƙasa ta girgiza, ko teku ya janye farat ɗaya ba a lokacinsa ba, a nufi tudu nan take.

Yamma

La'asar sakaliya ta hanyoyin bakin ruwa ce. Auna tsawonsu kafin ka fara. Babba yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa, da yara kuwa 2 zuwa 3. Hanyar da ta zagaye Stanley Park a Vancouver kusan kilomita 9 ce, masu keke kuma ta gefe ɗaya kawai suke bi, ka tsaya a layin masu ƙafa. Ta Bondi zuwa Coogee a Sidni kilomita 6 ce, mai matakala da yawa da ƙarancin inuwa, ba ta dace da keken jariri ba. Hanyar da ba zagaye ba ce, san motar da za ta dawo da kai daga ɗaya ƙarshen tun kafin ka tashi. A Jidda, maɓuɓɓugar Sarki Fahd da ke aiki tun 1985, wadda ke cilla ruwan teku sama da mita 250, ta fi kyan gani bayan magariba idan an kunna fitilu. Kusa da tsakiyar duniya duhu ba ya jira, minti 20 zuwa 25 bayan faɗuwar rana an daina ganin hanya, don haka duwatsu da wuraren da babu fitila a bar su tun da sauran haske.

Da an koma masauki, a bi kaya. Feshin gishiri yana manne wa waya da kyamara da tabarau ko ba su taɓa ruwa ba, kuma shi ke cin zif da ramin caji. Fara hure yashin, don gogewa da shi a kai yana karce gilashi, sannan ka goge da kyalle mai ɗan danshin ruwan sha. Wayar da ruwan teku ya shiga a kashe ta, kada a sa ta caji sai ta bushe sarai. Takalma da ƙafafun keken jariri a ɗauraye su da ruwan famfo, a shanya a inuwa.